Murar Marka da Cikin Sa'adatu

Ina roƙon duk wadda rubutun nan ya faɗa hannunta, in dai akwai mai ciki a gidansu, ta daure ta karanta har ƙarshe. Na sauya sunayen mutane, amma ban ƙara wa labarin gishiri ba. Mura ce ta shiga gidan yayata a markar bara, murar nan da kowa ya raina, wadda in ka ce za ka kai ta asibiti sai a yi maka dariya. Ta tarar da yarinya ɗauke da cikin wata bakwai. Har yau in mai ciki ta yi tari a shagona sai almakashi ya tsaya a hannuna.

Sunana Talatu, ɗinkin mata nake yi a cikin garin Daura. Yayata Rabi tana aure a wani ƙauye bayan Babban Mutum, gidan Malam Idi manomi. Sa'adatu ita ce 'yarsu ta fari, kuma dole in fara da wannan, don a nan rabin ciwon yake.

Yaya Rabi irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da ta haifi Sa'adatu ban taɓa jin sunan ya fito daga bakinta ba. Sai dai "yarinyar nan", in kuwa da ni take magana, "'yarki". Ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ba ta yi mata kitso, in an yabi yarinyar a gabanta sai ta miƙe ta ce tukunyarta na ƙonewa. Kada wani ya ɗauka ƙi ne. Na sha ganin ta ƙulle soyayyen nama a leda ta miƙo mini a ɓoye, wai in ba yarinyar kamar daga wurina ya fito. Ita ma Sa'adatu ba ta taɓa ce mata Umma ba. Ta taso ta ji muna cewa Yaya, ta ɗauka. Ni ce Innarta. A wurina ta yi sakandare, ni ta fara gaya wa ranar da ta ga al'ada, ni ta gaya wa cewa Mu'azu, wani ɗan Zango mai kiwon raguna, yana zuwa zance. Duk maganar da za ta tashi daga uwar zuwa 'yar, ko daga 'yar zuwa uwar, sai ta shiga mota ta zo Daura ta bi ta bakina. Ni kuwa baki Allah ya hore mini, ban taɓa gajiya ba.

Ko cikin ma ba da baki ta faɗa mini ba. Rigunanta ta kwaso ta ce in ɗan buɗa mata su, wai wanki ne ya sa suka tsuke. Na zagaya mata tef a ƙugu na ce, "Shi wannan wankin, mace zai haifa ko namiji?" Ta rufe fuska da mayafi tana dariya har da hawaye, ta ce, "Inna, ke dai Allah ya shirye ki." Ranar ta cinye mini rogo da ƙuli na mutum uku.

Da cikin ya shiga wata bakwai aka zo maganar goyon ciki. Na ce a kawo mini ita Daura, ga asibiti kusa. Malam Idi ya ce cikin fari a gidan uba ake sauke shi, ko so nake a ce ba shi da ɗakin da zai ajiye 'yarsa? Na haƙura, don gaskiya haka kowa ke yi.

Mu'azu ya kai ta gida a tsakiyar marka, ruwa ba ya ɗaukewa. Shi kansa da tari ya je, a kasuwar Mai'adua ya kwaso, ya ce rabin 'yan kara tari suke. Ya yi kwana biyu ya warware, namiji da ƙarfinsa. A Daura ma murar ta zaga, ta kama ni ta kwantar, gaɓoɓina kamar an daka su a turmi. Na taɓa ji a rediyo cewa mai tari ya nisanci mai ciki. Don haka da aka ce mini Sa'adatu ta fara mura da zazzaɓi, na danne zuciyata ban je ba, kar in ƙara mata a kan wadda take fama da ita. Har gobe ban ce shawarar ba daidai ba ce. Sai dai in ba na nan, babu wanda ke tambayar yarinyar komai a gidan.

Makon farko a waya muka yi shi. A gidan Malam Idi waya ba ta kamawa sai a tsakar gida, dab da madafi, inda Yaya Rabi take wuni. Duk abin da Sa'adatu za ta faɗa mini, a kunnen uwarta ne.

"Sa'a, ya jikin?"

"Da sauƙi, Inna."

"To ya mutumin naki? Yana ta ƙwallo a ciki?"

"Kai, Inna! Ga Yaya nan tana gaishe ki."

Haka take zille mini tun cikin yana lafiya lau, don haka ban ɗauki zillewar a bakin komai ba. Ni fa wannan "da sauƙi" ta Bahaushe ta ishe ni. Mutum yana kan gargara, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Na san addu'a ce, kyautata zato ne ga Ubangiji, ban musa ba. Amma ya kamata a ce akwai mutum ɗaya a duniya da za ka gaya wa gaskiya bayan ka gama cewa da sauƙin.

Kar in ci haƙƙin kowa, ba a zauna haka nan ba. Goggo Hansai, yayar Malam Idi, ita ce likitar gidan. Ta haɗa citta da kanumfari da masoro da lemon tsami. Ta sa aka yi mata sirace: a tafasa ganyen darbejiya, a lulluɓe yarinya da bargo ita da tukunyar, ta fito sharkaf tana jiri, a ce ai ciwon ne ke fita. Jiki na ci da wuta, aka ƙara masa wuta. Malam Idi ya je kemis a Babban Mutum, mai kemis bai ga marar lafiya ba ya ba da maganin zazzaɓin sauro, don lokacinsa ne. Da ta fara haki in ta je banɗaki ta dawo, Goggo Hansai ta ce nauyin ciki ne, wace mai cikin ce ba ta haki? Yaya Rabi ta yanka kazarta mai ƙwai ta yi farfesu, ta ba ƙanen Sa'adatu ya kai mata ɗaki.

Mu'azu yana zuwa a kan babur duk da taɓo. Amma suruki ne, iyakarsa zaure. Ya durƙusa ya gaida Malam Idi, a ce masa jiki da sauƙi, ya ajiye lemo da madara. Sau ɗaya ta fito ta tsaya bayan ƙyaure suka gaisa. Daga baya ya ce mini tun ranar numfashinta bai yi masa ba. Amma ta yaya zai dubi surukinsa ya ce a kai matarsa asibiti, kamar yana cewa ba a kula da ita a gidan ubanta? Ya haɗiye ya hau babur ɗinsa.

A mako na biyu na miƙe. Ranar Juma'a na kira, aka daɗe kafin ta iso tsakar gida.

"Da... sauƙi... Inna."

Kalma uku, sai da ta huta sau biyu a tsakaninsu. Na ce ta ba ni Yaya. Yaya Rabi ta karɓa ta ce, "Talatu, in kin samu sarari ki leƙo." A bakin yayata wannan ihu ne. Da sassafe ranar Asabar na shiga motar Babban Mutum, daga can na hau babur, inda ruwa ya cinye hanya na tattare zane na tsallaka da ƙafa.

Na tarar da ita a zaune, an jingina ta da bango, don in ta kwanta numfashi ba ya zuwa. Leɓenta ya yi duhu kamar ta sha ɗinya. Hancinta na buɗewa yana rufewa. Na taɓa goshinta na janye hannu. Yaya Rabi tana tsaye a bakin ƙofa, daga waje, idanunta sun faɗa, kana gani ka san ta daɗe rabonta da barci. Ta ce, "Ga 'yarki nan, ta ƙi cin komai."

Ban san abin da na faɗa ba ranar, amma an ce har maƙwabta sun ji. Malam Idi ya fita neman babur. Mota ba ta shiga ƙauyen a lokacin. Mu uku muka hau: mai babur, Sa'adatu, ni a baya na rungume ta. Cikin yana ƙarƙashin hannuna duk tsawon hanyar, ina jin zafinsa ta cikin zane. Sai daga baya na tuna cewa duk wannan gargada ban ji ko motsi ɗaya ba.

A ƙaramin asibitin da muka fara tsayawa, ma'aikacin ya tsaga mata yatsa ya ce babu zazzaɓin sauro. Ya maƙala mata wani ɗan abu a yatsa, ya duba, ya sake dubawa, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce iskar da take bukata ba su da ita, mu wuce Daura yanzu-yanzu. Allah ya saka wa bawan nan da alheri, bai riƙe mu don ya sayar mana da ledar ƙarin ruwa ba. Yaya Rabi da Malam Idi suka iso a wani babur, muka yi shatar mota, Mu'azu ya tare mu a Zango.

A asibitin da muka je a Daura, layin yankar kati ya kai bakin ƙofa. Mai yankar ya ce mu bi layi, kowa da marar lafiyarsa ya zo. Ina cikin zuba masa ruwan bala'i wata ungozomar asibitin, dattijuwa, ta zo wucewa. Ba ta saurare ni ba, numfashin Sa'adatu ta saurara. Da kanta ta jawo keken marasa lafiya ta ce kati ya biyo baya. Ban san sunanta ba sai daga baya, amma tana cikin addu'ata har in mutu.

Aka sa mata oksijin a hanci da baki. Da ta ɗan dawo hayyacinta, ungozomar ta ɗaga rigar za ta duba cikin. Yaya Rabi na ganin haka ta miƙe sumui-sumui ta fita, ba wanda ya ce ta fita. Ungozomar ta kafa wani abu kamar mazurari a kan cikin ta sa kunne. Ta matsar da shi. Ta sake matsarwa.

"'Yata, yaushe rabon ki ji motsi?"

Sa'adatu ta kau da kai.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni uwa ce, ki gaya mini."

Ta ja abin oksijin gefe ta ce, "Tun Laraba."

Ranar Juma'a na yi waya da ita. Na ce, "Sa'a, tun Laraba? Wa kika gaya wa?" Ungozomar ta harare ni ta mayar mata da abin a fuska.

Aka yi hoton ciki. Likitan saurayi ne, bai fi sa'an ɗana na fari ba. Ya daɗe yana kallon allon, ni ina kallonsa. Sannan ya kira ni da Mu'azu waje ya ce zuciyar jaririn ta tsaya. Mu'azu ya yi salati ya dafa bango. Likitan ya ce yanzu uwar za a ceta, ciwon ya sauka huhu, nimoniya ce, kuma ba zai yi mana alkawarin komai ba. Na ce, "Likita, mura ce fa. Ni ma na yi ta, mijinta ma ya yi." Abin da ya ce mini ya zauna a kaina daram.

"Hajiya, murar da ke jikinki daban, ta jikin mai ciki daban. Ƙwayar bairos ce, ba mu da abin da za mu gwada mu ce wace iri ce. Amma mai ciki ƙarfin jikinta na yaƙi da cuta ya ragu, ciki kuma ya tokare huhu. Numfashi ɗaya su biyu suke rabawa. In ya gaza mata, ga zazzaɓi mai zafi kwana da kwanaki, ƙaramin ne yake fara jigata."

Na ce, "Da tun Laraba muka zo fa?"

Ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, ban sani ba. Amma da mun samu abin da za mu gwada."

Na shiga ina ta juya yadda zan gaya mata. Ta dube ni ta saman abin oksijin ta ce, "Na sani, Inna."

Kwanakin da suka biyo baya sun cakuɗe mini. Kullum da safe a miƙo takardar magani, rabinsa babu a asibiti sai a waje. Na'urar oksijin da wuta take aiki, in an ɗauke da tsakar rana sai a koma tukunyar iska, in ta ƙare Mu'azu ya bazama nema. Ragunan da yake kiwo ya riƙa kaiwa kasuwa ɗaya bayan ɗaya, ba su gama ƙiba ba, dillalai kuma sun ga idonsa sun san a matse yake. Malam Idi ya buɗe rumbu ya fitar da ɗan geron da zai kai su kaka. Ba wanda ya yi ƙorafi. Akwai ma'aikaciyar da in ka kira ta sai ta gama danna wayarta, akwai kuma wadda ta cire kuɗinta ta sayo mana allura da ta ga Mu'azu bai dawo ba. A ɗaki ɗaya suke aiki, kaya iri ɗaya suke sawa.

Sai da numfashinta ya ɗan daidaita aka sa mata ruwan naƙuda. Ban taɓa ganin wahala irin wannan ba. Mace tana nishi, tana tari, tana neman iska, kuma ta san babu kukan da za ta ji a ƙarshe. Ta riƙe hannuna har farcenta ya shige. Jaririyar ta fito, mace ce, da gashinta baƙi ƙirin kwance luf, da dogayen yatsu irin na uwarta. Ungozomar ta tambaya ko tana so ta gan ta. Goggo Hansai, da ta iso ranar, ta ce daga bakin ƙofa ba a nuna wa uwa. Sa'adatu ta juya fuska bango. Ni na gan ta, ni na naɗe ta. Mu'azu ya karɓe ta a hannu biyu, shi da maigidana suka tafi maƙabarta. Wani lokaci ina ɗinki sai fuskar nan ta zo mini, bakinta a ɗan buɗe, in tsayar da keke sai ta wuce.

'Yan dubiya daga ƙauye suka cika mota a Babban Mutum. Na gode musu, zumunci ne ya kawo su. Amma uku a cikinsu tari suke, kuma ɗakin cike yake da masu ciki da masu jego. Na tsaya a ƙofa na ce duk mai tari ta yi addu'arta daga waje. Goggo Hansai ta ce tun da take ba a taɓa korarta daga kan 'yar ƙaninta ba, wai ɗinki ya sa na zama likita. Na ce ko me za ta ce ta ce. Har yau in mun haɗu a biki da gefen baki take amsa gaisuwata.

Yaya Rabi a baranda ta shimfiɗa tabarma. Ita ke wanke duk wani zane da kwano, ita ke dama kunu, amma ba ta zama bakin gadon in yarinyar na farke. Sai ta yi barci take shigowa ta tsaya a kanta tana kallon ƙirjin yana hawa yana sauka. Ni kuwa na cika fam da ita, ina jiran ranar da zan amayar mata da abin da ke cikina. Wata rana da hantsi muna wanki a bakin famfo, ina cuɗawa tana ɗaurayewa, sai ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Talatu, ranar Larabar nan ta kira ni."

Na tsaya da cuɗar.

"Ina tankaɗe a tsakar gida na ji ta ce, Yaya. Kin san ba ta saba kirana ba. Na taso na tsaya bakin ƙofa. Hannunta biyu na kan cikin, ta danna nan, ta danna can. Haihuwata takwas, Talatu. Na san abin da mace take nema in tana wannan lalube. Maganar ta zo mini har nan." Ta taɓa maƙogwaronta. "Sai ta dube ni ta ce ruwa take so."

"Sai kika yi yaya?"

"Na kawo mata ruwan."

Famfo na ta zuba, bokiti ya cika yana malala, ba wadda ta kashe.

"Na ce in ta sake kira zan tambaye ta. Ba ta sake ba. Don girman Allah kar ki gaya mata na gane. Da wane ido zan dube ta?"

Duk maganganun da na tanada suka gudu. Na karɓi zanen da ke hannunta na matse, na shanya.

Bayan haihuwar nono ya kawo. Jiki bai san abin da ya faru ba, ya yi shirinsa tsaf. Rigarta ta jiƙe, ga jariran mutane suna kuka a gadajen gefe, duk wanda ya tsanyara sai na ga ta runtse ido. Muka ɗaure mata ƙirji da zane. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ranar da ta kamo hannuna ta ɗora a kan cikinta da ya saɓe, ta ce, "Inna, ji, tana motsi." Ungozomar ta ce hakan na faruwa, kar mu tsorata, zai daina. Ya daɗe bai daina ba.

Da aka sallame mu, gidana aka kawo ta. Wannan karon Malam Idi da kansa ya ce a bar ta kusa da asibiti. Aka zo rigimar wankan jego. Likita ya ce ban da tafasasshen ruwa, ban da kwana kusa da hayaƙi, ban da kunun kanwa. Goggo Hansai ta ce jiki ɗanye ne, ko ɗa bai zo da rai ba ai haihuwa ce, so ake ta ruɓe? Ina shirin buɗe baki Yaya Rabi ta riga ni. A hankali ta ce, "Goggo, a bi na likita." Tun da aka kai ta gidan ban taɓa jin ta musa wa matar nan ba. Bayan mako biyu ta koma ƙauye, don ga yara ga aikin gona. Sa'adatu ta ci gaba da tari har aka fara yankan gero, in ta ɗebo ruwa a randa sai ta zauna ta huta. Amma ta rayu, alhamdu lillahi, kuma na san gidajen da ba su samu ko wannan ba.

Abin da ya sa na zauna na rubuta ke nan. Mai ciki in ta haɗa mura da zazzaɓi mai zafi, ba a jira a ga ko zai wuce, ba a kuma lulluɓe ta da bargo a kan tukunya. In tana magana tana yankewa don ta ja iska, kar wanda ya ce miki nauyin ciki ne, a nemi babur. Mai tari ta yi nesa da ita, har yanzu ina kan bakana, amma in kin yi nesa ki bar wata a madadinki wadda yarinyar ba ta jin nauyinta. Motsin ɗa kuwa a riƙa tambayarsa kullum, da baki, kamar yadda ake tambaya ko ta ci abinci. In uwa ba za ta iya ba, akwai ƙanwar uwa, akwai maƙwabciya. Ban ce a zubar da kunya ba, ni ma da ita aka rene ni, ko da yake ba ta kama ni sosai ba. Amma na ga abin da ta ci a gidanmu, kuma ba ta maido ba.

Bayan an yi arba'in Yaya Rabi ta aiko mana da sabuwar gyaɗa. Da la'asar muna zaune a tsakar gida muna ɓara, ni da Sa'adatu, ta ɗan yi kumari, har ta fara tsokanata wai hannuna ya tsufa. Can sai ta matso kusa da ni.

"Inna, zan gaya miki wani abu, amma sai kin yi mini alkawari."

"Ina jin ki."

"Kullum da asuba jaririyar take tashina da shuri. Ranar Laraba na farka da kaina. Na juya nan, na juya can, na danna, shiru. Har rana ta ɗaga. Sai tsoro ya kama ni, na kira Yaya. Wallahi da gudu ta zo, hannunta duk gari, ta tsaya a bakin ƙofa. Na buɗe baki, Inna. Sai na ji in na ambaci ciki a gabanta gara ƙasa ta tsage in shige. Na ce ruwa nake so."

Gyaɗar da ke hannunta ta zube a faifai.

"Ni na kashe ta, ko?"

Na ce, "Kul, kar in ƙara ji. Ciwo ne, kuma kwananta ne ya ƙare. Likita ma ya ce bai sani ba." Na jawo ta jikina, tana kuka tana tari, ina bubbuga bayanta har ta lafa. Ta share fuska da gefen zane ta ɗago.

"Ita Yaya, baiwar Allah, ba ta san komai ba. Ruwa aka ce mata, ta kawo ruwa. Kar ki taɓa gaya mata, Inna. In ta ji cewa tana tsaye a wurin, ba za ta ƙara barci ba har ta mutu."

Tana kallona tana jira.

Na ce, "To, Sa'a. Ba zan gaya mata ba."

Ta ce na gode, ta jawo faifan, muka ci gaba da ɓarar gyaɗar uwarta.